Mai ciwon sikizofiriniya da tambayar da ba a yi masa: ina ka dosa?

Idan aka kai mutum asibitin masu taɓin hankali, a Barnawa ta Kaduna ne ko Kware ta Sakkwato ko Dawanau ta Kano, tambayoyin da ake yi wa danginsa kusan iri ɗaya ne. Yana barci? Yana cin abinci? Har yanzu yana jin muryoyin? Yana shan magani a kan lokaci? Tambayoyi ne masu muhimmanci, da su likita yake gane ko ciwon ya lafa. Amma akwai wata da ba kasafai ake yi wa shi kansa mara lafiyan ba: yaya kake ganin rayuwarka baɗi, ko nan da shekara biyar? Ina so in nuna cewa wannan tambaya tana cikin jinya tsundum, kuma wanda ya kasa amsa ta yana cikin wani ciwo na biyu da allura ba ta kai wa gare shi.

Sikizofiriniya na cikin manyan cututtukan ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum kusan miliyan 24 ke fama da ita, wato kimanin ɗaya cikin 300. Abin da jama'a suka fi sani shi ne ɓangarenta mai hayaniya: jin muryoyin da babu mai yin su, yarda da abin da ba haka yake ba, kamar mutum ya haƙiƙance ana bibiyarsa ko an sa masa guba a abinci, da maganar da ba ta da kai ba ta da gindi. Akwai kuma ɓangaren shiru, wanda ya fi daɗewa: mutuwar jiki, janyewa daga mutane, ƙarancin magana, wahalar riƙe abu a ka da wahalar tsara aiki. Magani ya fi cin ɓangare na farko. Na biyun yakan zauna bayan muryoyin sun tafi.

Lokacin da ciwon yake zuwa shi ne babban abin dubawa. Yawanci yana bayyana ne daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa cikin shekaru ashirin da wani abu, maza kuma sukan riga mata kamuwa. Wannan ne daidai lokacin da mutum yake kafa kansa: yana jami'a, ko yana koyon sana'a wajen ubangida, ko an fara maganar aure. Wanda ciwon suga ya kama yana da shekara hamsin, ya riga ya san ko shi wane ne. Wanda sikizofiriniya ta kama yana da goma sha tara, ta same shi ne yana tsakiyar zama wani. Ya fito daga asibiti ya tarar tsaransa sun gama makaranta, yarinyar da yake nema an ɗaura mata aure, a unguwa kuma an sauya masa suna.

Tun farkon da aka bambance wannan ciwo, da mummunan hasashe aka haife shi. Likitan Jamus Emil Kraepelin, a ƙarshen ƙarni na 19, ya siffanta shi a matsayin gushewar hankali tun da ƙuruciya, wadda yawanci ƙara lalacewa take yi. Eugen Bleuler na Suwizalan, wanda ya raɗa masa sunan da muke amfani da shi a 1908, bai kai Kraepelin yanke ƙauna ba, amma ra'ayin farko shi ya zauna a kawunan likitoci shekara da shekaru. Mu ma muna da namu: ana cewa hauka ba ya warkewa, sai dai rangwame. Duk wanda aka gaya wa haka, daga bakin likita ne ko daga bakin kawu, an rufe masa ƙofar gobe tun kafin ya taɓa ta.

Kraepelin yana ganin waɗanda suka zauna a asibiti ne. Waɗanda suka samu sauƙi suka koma gida ba sa dawowa gabansa. Da aka bi mutane tsawon rayuwa sai labarin ya sauya. Ɗan Bleuler, Manfred, ya bi marasa lafiya 208 a Zurich sama da shekara ashirin, ya ga da yawansu suna samun sauƙi na gaske ko bayan dogon ciwo. Binciken da ya fi girgiza mutane kuwa na jihar Vermont ne a Amurka. A tsakiyar shekarun 1950 wani likita, George Brooks, ya ɗebo mutum 269 daga ɗakunan da ake ajiye waɗanda aka fid da rai da su a asibitin jihar. Sun yi shekaru a kulle. Ban da magani, sai aka tambaye su abin da suke buƙata don su fita, aka koya musu aiki, aka nema musu masauki da wurin neman abinci. Bayan shekara kusan 32 Courtenay Harding da abokan aikinta suka nemo su, suka wallafa sakamako a 1987: tsakanin rabi da kashi biyu cikin uku sun warke ko sun samu sauƙi mai yawa. Da aka kwatanta su da takwarorinsu na jihar Maine, waɗanda aka riƙe da magani da kwanciya asibiti kawai, mutanen Vermont suka fi samun aiki, suka fi ƙarancin alamomin ciwo, suka fi zama lafiya cikin jama'a.

Kada mai karatu ya ɗauka ina sayar da mafarki ne. A 2013 wasu masu bincike a ƙasar Finlan, ƙarƙashin Erika Jääskeläinen, sun tattara nazarce-nazarce 50 suka sa ma'auni mai tsauri: alamomin ciwo su lafa, mutum ya koma harkokinsa cikin jama'a, kuma aƙalla ɗaya daga cikin biyun ya ɗore shekara biyu ko fiye. Da wannan ma'auni kimanin kashi 13.5 cikin ɗari ne suka cika sharaɗi, wato ɗaya cikin bakwai. Ciwon mai nauyi ne. Masu fama da shi sukan rasu shekara goma zuwa ashirin kafin tsaransu, galibi saboda ciwon zuciya da suga da rashin kulawar asibiti.

To me ya sa alƙaluman suka yi hannun riga haka? Saboda abin da ake aunawa ba ɗaya ba ne. Akwai warkewa irin ta likita, wato alamomi su ɓace. Akwai kuma farfaɗowa irin ta mai ciwon, wato ya sake samun rayuwar da yake jin tasa ce, ko da muryoyin suna leƙowa jefi-jefi, ko da zai sha ƙwaya har ƙarshen ransa. Waɗanda suka fara fito da wannan bambanci su ne masu ciwon da kansu. Patricia Deegan, Ba'amurkiya, an ce mata tana da sikizofiriniya tun ba ta kai ashirin ba, aka kuma nuna mata ta haƙura da duk wani buri. Ta ba da labarin watannin da ta yi a kujera ɗaya, tana busa taba tana jiran dare. Kakarta kullum sai ta tambaye ta ko za ta raka ta cefane, kullum ta ce a'a, har wata rana ta ce to. Daga wannan matakin ta taso, daga baya ta yi digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam, a 1988 kuma ta rubuta abin da ya zama ginshiƙin wannan tunani. William Anthony na Jami'ar Boston ya bi baya a 1993, ya bayyana farfaɗowa da cewa rayuwa ce mai gamsarwa, mai sa rai, mai amfani ga jama'a, duk da iyakokin da ciwo ya gindaya.

A 2011 Mary Leamy da Mike Slade da abokan aikinsu a Landan suka bi rubuce-rubuce 97 kan abin da masu ciwon ƙwaƙwalwa suke nufi idan sun ce sun farfaɗo. Abubuwa biyar suka yi ta maimaituwa: samun mutane a kusa, sa rai da gobe, sake sanin ko kai wane ne, ganin rayuwa na da ma'ana, da riƙe ragamar al'amuranka. Idan aka lura, uku daga ciki ba sa tsayuwa sai mutum yana iya hango kansa a gaba. A nan ne matsalar take, domin ciwon yana taɓa ainihin wannan baiwa ta hange.

Masana halayyar ɗan Adam Hazel Markus da Paula Nurius sun bayyana a 1986 cewa kowa yana yawo da hotunan kansa na gaba a zuciya: wanda yake fatan zama, wanda yake tsammanin zai zama, da wanda yake tsoron zama. Su ne ke tayar da mu da asuba. Manomi yakan ɗebi hatsin da iyalinsa za su iya ci yau ya zuba a ƙasa, saboda yana ganin kansa da kaka yana ɗaure dami. Ranar da ya daina ganin kaka, shuka ta zama asara a idonsa.

Ƙwaƙwalwa kuwa da kayan jiya take gina gobe. Sassan da muke tuna abin da ya wuce da su, su ne yawanci muke suranta abin da zai zo da su. A 2008 Arnaud D'Argembeau na Beljiyam da abokan aikinsa suka nemi masu sikizofiriniya su faɗi wani abu takamaimai da ya taɓa faruwa da su, sannan su suranta wani takamaimai da zai iya faruwa nan gaba. Idan aka kwatanta da masu lafiya, sun fi shan wahalar kawo abin da ya wuce dalla-dalla, wajen na gaba kuma wahalar ta ƙaru. Mai lafiya zai ce maka ranar Sallah zai sa sabuwar shaddarsa ya je gaida gwaggonsa da hantsi, su ci tuwo, ya ba yara barka da Sallah. Mai ciwon yakan ce, "Za a yi Sallah." Ya san ranar za ta zo, amma ba ya ganin kansa a cikinta.

Wani binciken ya ƙara haske. An daɗe ana cewa masu wannan ciwo ba sa jin daɗin komai. A 2007 David Gard da Ann Kring a Kalifoniya suka bi su cikin harkokin yau da kullum, suka gano cewa yayin da abu mai daɗi yake faruwa suna jin daɗinsa kusan kamar kowa. Abin da ya raunana shi ne ɗokin abin kafin ya zo. Wannan ya kamata kowane gida mai jinya ya sani. Idan aka ja shi zuwa ɗaurin aure zai yi fara'a, ya ci ya sha, ya gaisa da mutane. Amma da safe, kafin a fita, babu abin da ke jansa daga ciki. Sai a gida a ce ƙyuya ce, ko a ce zuciyarsa ta mutu, ko a ce iskokin ba su gama sakinsa ba. Alhali ciwon ne ya yanke igiyar da ke tsakanin yau da gobe. Faɗa da gori ba sa ɗaura ta. Bincike ma ya daɗe da nuna cewa a gidan da ake yawan kushe mara lafiya da tsangwamarsa, ciwon ya fi saurin tashi.

Wannan kuma shi ke bayyana wani ɓangare na rikicin shan magani. Tun da aka fara amfani da kulofuromazin a Faransa a 1952, wanda mutanenmu suka fi sani da Largactil, magunguna sun ceci rayuka ba adadi, kuma daina su ba da shawarar likita ba na cikin manyan dalilan tashin ciwo. Amma suna da nasu nauyi: barci mai yawa, sandarewar jiki, rawar hannu, dalalar miyau, ƙiba, raunin sha'awa. Mutum yana biyan wannan farashi yau ne don amfanin gobe. Idan goben ba ta da fuska, don me zai biya? Deegan ta yi magana kan wannan sosai: maganin asibiti yana karɓuwa ne idan yana yi wa abin da mutum ya damu da shi hidima. "Sha maganinka kada ciwonka ya tashi" magana ce ta tsoro. "Sha don ka iya buɗe shago da safe" magana ce da ke da gobe a cikinta. Idan kuma maganin ne ke hana shi tashi ya buɗe shagon, to wannan abu ne da za a kai wa likita a nemi gyaran awo ko sauyi, ba a yi shiru ba.

Akwai wani gefe mai ɗaci da ba zan tsallake ba. Ana murna idan mara lafiya ya gane cewa ciwo gare shi, domin hakan na sa ya karɓi magani. Amma Paul Lysaker da abokan aikinsa sun nuna a 2007 cewa wanda ya gane ciwonsa, kuma ya yarda da abin da duniya take faɗi kan masu irinsa, shi ya fi kowa ƙarancin sa rai da ganin ƙimar kansa. Ya karɓi sunan ciwo, tare da shi ya karɓi hukuncin cewa tasa ta ƙare. Kimanin kashi biyar cikin ɗari na masu sikizofiriniya suna mutuwa ne ta hanyar kashe kansu, haɗarin kuma ya fi yawa a shekarun farko, musamman ga matashin da ya taso da ƙwazo ya kuma fahimci abin da ya kuɓuce masa. Saboda haka makonnin da suka biyo bayan sallama daga asibiti, lokacin da dangi suka saki jiki suna cewa alhamdu lillahi ya dawo hayyacinsa, su ne lokacin da ya fi buƙatar ido. Idan ya fara cewa zamansa ba shi da amfani, ko shi nauyi ne a kanku, a koma da shi wurin likita a ranar.

Mene ne yake sake gina wannan hange? Abin da ya fi samun hujja shi ne aiki na gaske. A da tsarin shi ne a yi ta horar da mutum a keɓe har sai an ga ya shirya, ranar shirin kuwa ba ta cika zuwa ba. Deborah Becker da Robert Drake a jihar New Hampshire suka juya abin: a tambaye shi aikin da yake so, a nema masa shi da wuri cikin sauran ma'aikata, a ci gaba da tallafa masa yana ciki. An gwada tsarin a birane shida na Turai da mutum 312, aka wallafa a 2007: kashi 55 cikin ɗari suka samu aiki, a tsohon tsari kuma kashi 28. Fargabar cewa aiki zai tayar da ciwo ba ta tabbata ba, masu sabon tsarin ma sun fi ƙarancin komawa gadon asibiti.

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta, inda mara lafiya yake zuwa da ɗan'uwansa su kama ɗaki a gidajen mutanen ƙauye, ya je asibiti karɓar magani, ya dawo ya shiga harkar gari. Daga baya binciken Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda Ibadan na cikin cibiyoyinsa, ya samu cewa marasa lafiya a Ibadan da Agra ta Indiya sun fi na wasu biranen Turai da Amurka samun sauƙi. An yi ta danganta hakan da zumunci da sauƙin samun abin yi a gona ko kasuwa. Sai dai a 2008 wasu masana, cikinsu har da Oye Gureje na Ibadan, suka ja hankali cewa kada a ruɗu: a ƙasashe irin namu akwai yawan mace-mace, da rashin magani, da waɗanda suka ɓace a titi ba wanda ya ƙirga su. Ina tare da su. Gidan da ke iya riƙe mutum shi ne kuma yake iya ɗaure shi da mari. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoto a 2019 kan ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a wuraren jinya na gwamnati da na addini da na gargajiya a faɗin ƙasar. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanar da sa mata hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958 ta zamanin mulkin mallaka, ta amince musu da haƙƙoƙi a rubuce. Kai ta cikin gidaje shi ne aikin da ya rage.

Duk da haka muna da abin da wasu ke kashe kuɗi su ƙirƙira. A wurinmu mutum na iya fara aiki ba tare da takardar neman aiki ko ganawa da manaja ba. Yana iya zama a shagon yayansa na awa biyu, ya riƙe kiwon awaki huɗu, ta karɓi ɗinkin hula ko ƙullin gyaɗa. Sharaɗin dai abin ya zama nasa, da ribarsa a hannunsa, kuma shi ya zaɓa. Addini ma bai rufe ƙofa ba. Hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku ya ambaci wanda hankalinsa ya gushe, ya kuma sa iyaka: har sai ya dawo hayyacinsa. Shari'a tana sauraron dawowarsa, ta mayar masa da nauyinsa da matsayinsa. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, kuma sahun masallaci ko kujerar coci wuri ne da ake tsammaninsa a wani lokaci sananne, cikin mutanen da za su lura idan bai zo ba.

Tunda wahalar tana wajen suranta abu dalla-dalla, taimakon ma sai ya zama dalla-dalla. "Allah zai kawo sauƙi, komai zai wuce" addu'a ce mai kyau, amma ba ta ba shi abin kamawa. Uwa tana iya cewa, "Ɗan nan, ranar Laraba kawunka zai je kasuwar dabbobi bayan azahar, ya ce kai ne ka fi shi ido a kan tumaki. Wace riga za ka sa?" A sa rana, a sa wuri, a sa mutum. Bayan an dawo kuma a tuna masa: ka ga yadda ka yi ciniki, ka ga dariyar da kuka yi. Tunawar nan ita ce kayan da zai gina ta gaba da su. Idan ya ce a'a, a sake tambaya wani makon ba tare da fushi ba, kamar yadda kakar Deegan ta yi.

Wani zai ce ai wasu marasa lafiyan burinsu ne ma ya yi yawa, wannan ya ce shi zai zama shugaban ƙasa, wancan ya ce an aiko shi ya gyara duniya. Gaskiya ne, kuma wannan alamar ciwo ce da likita zai duba. Bambancin yana wajen matakai: burin da ciwo ya kawo ba shi da tsani, ba ya kuma karɓar tambaya. Amma a yi hattara da saurin jefa kowane buri cikin wannan kwando. Yarinyar da ta ce tana son komawa makarantar koyon jinya, ko saurayin da ya ce yana son aure, ba sambatu suke yi ba. Maganar aure musamman tana buƙatar gaskiya daga ɓangarorin biyu: a sanar da wanda za a aura, a tattauna da likita kan magani da juna biyu, a kuma san cewa ko da yake gado na da hannu a ciwon, mafi yawan 'ya'yan masu shi ba sa kamuwa. Mata sun fi cutuwa a nan, domin sau da yawa tashin ciwo ɗaya kan jawo saki da raba uwa da 'ya'yanta, a ƙwace mata matsayin da ya fi kowane riƙe ta.

Ciwon na iya sake tashi, ko ana shan magani. Abin da ya kamata a shirya tun ana lafiya shi ne yadda za a yi idan hakan ta faru, kuma da shi za a shirya: alamomin da yake fara gani, kamar ƙauracewar barci ko ƙaruwar zargi, wanda yake so a kira, asibitin da yake so a kai shi, wanda zai kula da awakinsa ko ya riƙe masa gurbinsa a shago. Jami'a ko ubangidan sana'a su ma ana iya neman su ɗaga masa ƙafa na zango ɗaya maimakon a soke sunansa. Mutumin da ya kwanta asibiti ya san akwai gurbi na jiransa, kwanciyarsa ta mako uku ce ko shida, bayan nan ya koma bakin aikinsa.